Taransifoma Marar Mai: Yadda Take, Da Abin Da Zafi Da Ƙurar Ƙasar Katagum Ke Nema Daga Mai Sayenta

Tun daga shekarar 2011 da aka kafa Jami'ar Jihar Bauchi a Gadau, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, fasalin gine-gine a ƙasar Katagum ya fara sauyawa. Manyan ɗakunan lacca, da ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, da gidajen kwanan ɗalibai, duk sun zo da bukatar wutar lantarki wadda ta fi ƙarfin taransifomar unguwa. Haka abin yake a Azare, inda babban asibitin Gwamnatin Tarayya yake, inda kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021, ban da bankuna da masaukin baƙi da injinan casar shinkafa. Duk mai irin wannan gini, ko hukuma ko ɗan kasuwa, ko ba daɗe ko ba jima sai ya sayi taransifomar kansa. A nan ne 'yan kwangila da dillalan kayan wuta kan kawo shawarar a bar irin wadda aka saba da ita, mai tanki cike da mai, a sayi marar mai, wadda aka lulluɓe wayoyinta cikin daskararren ƙaro. Sukan ce ba ta kamawa da wuta, ba ta kuma bukatar kulawa. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya ƙwarai. Ta biyun ce take bukatar a tsaya a duba, domin kuɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne, kuma kusan duk irin wannan na'ura daga ƙasashen waje ake shigo da ita da kuɗin musaya.

Kafin a shiga bayaninta, ya kamata a san inda take tsayawa a jerin kayan wuta. Kamfanin TCN ne ke jigilar lantarki tsakanin jihohi a kan manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000 da 132,000. A Azare akwai tashar da ke sauke ƙarfin daga 132,000 zuwa 33,000, daga nan sai ya shiga hannun kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ya karɓi jihohin Bauchi da Gwambe da Filato da Binuwai a watan Nuwamba na 2013, lokacin da aka sayar da kamfanonin da suka gaji NEPA. Taransifomar rarrabawa ita ce matakala ta ƙarshe. Tana karɓar bolt 11,000, ko kuma 33,000 kai tsaye kamar yadda aka fi yi a garuruwan karkara, ta mayar da shi 415 tsakanin waya da waya, watau kimanin 240 a soket ɗin ɗaki.

Yadda aka gina ta

Kowace taransifoma abu uku ce: zuciya ta ƙarfe, da naɗin waya mai karɓar babban ƙarfi, da naɗin waya mai fitar da ƙaramin ƙarfi. Babu wani abu mai juyawa a cikinta. Matsalarta guda biyu ce tun asali, watau yadda za a hana lantarki tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan, da yadda za a fitar da zafin da take haifarwa. A taransifomar da aka saba gani a bakin titi, man da ke cikin tanki ne yake yin ayyukan nan biyu tare da takardar da aka naɗe wayoyin da ita. A marar mai kuwa an raba aikin: ƙaro ne yake tsare lantarki, iska kuma take kwashe zafi.

Wannan ƙaro ba irin na itacen da ake tsattsagewa a dazukan Yobe da Jigawa ba ne. Sinadari ne na masana'anta da ake kira ifoksi, wanda yake ruwa-ruwa kafin a haɗa shi da mahaɗinsa, in ya daskare kuma sai ya zama kamar dutse. Akan naɗa wayar babban ƙarfi, a sa ta cikin mazubi na ƙarfe, a shigar da mazubin cikin wata tukunya a zuƙe iskar da ke ciki ƙaf, sa'an nan a kwarara ƙaron a gauraye da garin farin dutse dangin yashi, a gasa shi a tanda har ya ƙeƙashe. Abin da ke fitowa shi ne wani tulu mai kama da ganga marar gindi, yawanci ja ko ruwan ƙasa, mai santsi. Uku ake yi, ɗaya ga kowace waya ta layin. Dalilin zuƙe iskar kuwa shi ne, in aka bar ko da ƙwayar kumfa ɗaya a cikin ƙaron, to a nan ɗan tartsatsi zai riƙa tashi a ɓoye, yana cin ƙaron sannu a hankali, har ranar da zai huda shi. Saboda haka ne ƙa'idar duniya ta IEC 60076-11, wadda ita ce ke tafiyar da sha'anin taransifoma marar mai, ta wajabta a gwada kowace guda ɗaya kafin ta bar masana'anta, kuma kada wannan tartsatsin ciki ya wuce awo 10 na ma'aunin da ake kira fikokulom. Takardar sakamakon wannan gwaji, mai ɗauke da lambar na'urar, ita ce abu na farko da mai saye ya kamata ya nema.

Naɗin ƙaramin ƙarfi yana zaune ne a cikin wancan tulun, kuma yawanci ba da zagayayyiyar waya ake yin sa ba, da faffaɗan falle ne na ƙarfe wanda ake naɗewa kamar tabarma, da shimfiɗar kariya tsakanin kowane zagaye. Tsakanin naɗin biyu akan bar rata. Iska mai sanyi tana shiga ta ƙasa, ta ɗumama, ta tashi ta fita ta sama, kamar yadda hayaƙi ke bin bututu. Zuciyar kuwa siraran fallaye ne na ƙarfe mai gauraye da silikon, kaurin kowanne bai kai sulusin milimita ba, aka jera su aka ɗaure.

Mutane da yawa sukan yi tsammanin cewa taransifoma mai wayar alminiyam ta talaka ce, mai jan ƙarfe kuma ita ce ta ƙwarai. A wannan nau'i ba haka ba ne. Ƙarfe yakan buɗe in ya ji zafi, ya tsuke in ya huce, haka ma ƙaro, amma kowanne da gwargwadonsa. Gwargwadon buɗewar alminiyam ya fi kusa da na ƙaro a kan na jan ƙarfe, saboda haka in an haɗa su ba sa jan juna sosai, tulun kuma ba ya saurin tsagewa. Shi ya sa manyan masana'antun Turai suka daɗe suna amfani da alminiyam. A Jamus aka fara yaɗa wannan fasaha cikin shekarun 1960, kuma daga cikin sunayen da suka yi fice a kasuwa akwai GEAFOL da Trihal da Resibloc, wanda shi na ƙarshen da zaren gilas ake ƙarfafa ƙaronsa. Yau masana'antun Sin da Indiya da Turkiyya suna yin ta da yawa.

Abin da ya sa aka ƙirƙiro ta

Tsoron gobara ne. Man taransifoma ɗan'uwan man fetur ne, daga ɗanyen mai ake tace shi, kuma tururinsa yakan kama wuta tun daga wajen digiri 140 na ma'aunin Salshiyas. Taransifoma matsakaiciya tana ɗauke da ɗaruruwan litocinsa. In gajeren haɗi ya auku a ciki, tanki kan iya fashewa ya watsa mai yana ci. A fili, bayan shinge, ɓarnar takan tsaya a kan na'urar. A ƙarƙashin bene mai ɗakin tiyata ko gidan kwanan ɗalibai kuwa, maganar rayuka ce.

Da farko maganin da aka samo shi ne wani ruwan sinadari da ba ya cin wuta, mai suna PCB. Daga baya aka gano guba ne mai daɗewa a ƙasa da ruwa da jikin ɗan Adam. Amurka ta hana yin sa a 1979, Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuma, wadda Nijeriya take ciki, ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da kayan da ke ɗauke da shi. Rufe wannan ƙofa ne ya buɗe wa taransifoma mai ƙaro kasuwa a asibitoci da filayen jiragen sama da dogayen benaye da jiragen ruwa.

Ƙa'idar IEC ta kasa halayenta kashi uku, kowanne da harafi da lamba, kuma akan buga su a farantin da ke jikinta. Harafin F na gobara ne: F1 na nufin an gwada ta da wuta an ga ba ta ruruwa, tana mutuwa da kanta, hayaƙinta kuma kaɗan ne marar guba mai yawa; F0 kuwa ba a yi wannan alkawari ba. Harafin E na muhalli ne: E0 sai wuri mai tsabta marar raɓa, E2 tana jure raɓa akai-akai da ƙazantar iska, bugun ƙa'idar na 2018 kuma ya ƙaro E3 da E4 domin wurare mafi tsanani. Harafin C na sanyi ne, C1 zuwa digiri 5 ƙasa da sifiri, C2 zuwa 25 ƙasa da sifiri. Sanyin Gadau ko a tsakiyar hunturu bai kai nan ba, amma duk da haka C2 tana da amfani, domin gwajinta ya ƙunshi a sanyaya na'urar sa'an nan a ɗura mata zafi farat ɗaya, wanda ya nuna ƙaron ba mai saurin tsagewa ba ne. Dillalin da ya kawo na'urar da babu waɗannan haruffa a jikinta, kalmar "ba ta cin wuta" daga bakinsa kawai ta fito.

Maganar zafi

A nan ne lissafin Turai da na ƙasar Katagum suka rabu. Lambar ƙarfin da ke jikin taransifoma, alal misali KVA 500 ko 630, alkawari ne mai sharaɗi. Sharaɗin da ƙa'idar ta gindaya shi ne kada zafin iskar da ke kewaye da ita ya wuce digiri 40 a kowane lokaci, kada matsakaicin wata mafi zafi ya wuce 30, kada matsakaicin shekara ya wuce 20, kada kuma tudun wurin ya wuce mita 1,000 daga teku. Sharaɗin tudu ba ya damun Azare da Gadau, domin ba su kai rabin haka ba. Sauran ukun kuwa duk a kan iyaka suke ko sun ƙetare. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura 40 a inuwa, matsakaicin shekara kuma a duk faɗin wannan yanki ya haura 25.

Yawancin waɗannan na'urori ana yin su ne da kariya mai daraja F, wadda aka ƙiyasta a kan digiri 155, an kuma yarda matsakaicin zafin naɗinta ya ɗara na iska da digiri 100. Akwai mai daraja H, ta digiri 180, wadda aka yarda ta ɗara da 125. Ƙa'idar ɗora kaya, IEC 60076-12, ta ƙiyasta wa kariyar tsawon rai na sa'o'i 180,000, watau shekara ashirin da 'yan watanni, in ana aiki da ita a cikakken ƙarfi cikin yanayin da aka ambata. Ta kuma ce duk ƙarin digiri 6 a wuri mafi zafi na naɗin yana ninka saurin tsufan kariyar sau biyu. Ma'anar wannan a fili take. In matsakaicin shekara 26 ne maimakon 20, na'urar da ke ɗauke da cikakken kaya dare da rana za ta ci rabin kwanakinta ne kawai. Gaskiya ne ba kasafai ake samun taransifomar da ke cike dare da rana ba, kuma ita ma mai mai tana ƙarƙashin irin wannan doka ta digiri 6. Bambancin shi ne mai mai tana waje tana shan iskar Allah, ita kuwa marar mai a ɗaki take, kuma ɗakin yakan fi waje zafi.

Dalili kuwa shi ne ita kanta murhu ce. Dokar Tarayyar Turai kan asarar wuta, wadda matakinta na biyu ya fara aiki a Yulin 2021, ta yarda wa taransifoma marar mai ta KVA 630 asarar wat 990 ko da ba a jan komai daga gare ta, da ƙarin wat 7,100 in tana ɗauke da cikakken kaya. Jimla kilowat 8 ke nan da ɗoriya, kamar a kunna dutsen guga takwas a ɗaki guda a rufe ƙofa. Domin a kwashe wannan zafi ba tare da iskar ɗakin ta ɗara ta waje da fiye da digiri 15 ba, ana bukatar iska kimanin mita 200 murabba'in akwati a kowace sa'a ga kowane kilowat, watau wajen 1,600 ga wannan na'ura. Ƙaramar taga guda a saman bango ba za ta yi wannan aiki ba. Sai an yi mashiga babba a ƙasa, da mafita wadda ta ɗan fi ta girma a sama a bangon da ke fuskantarta, in ɗakin ya matse kuma a sa fanka mai zuƙowa. Rufin kwano marar silin a kan irin wannan ɗaki a watan Afrilu ɓarnar kuɗi ce tun daga ranar farko.

Hanyoyin kauce wa wannan matsala sanannu ne, sai dai dole a faɗe su tun a takardar oda. Ana iya neman masana'anta ta yi lissafi a kan zafin digiri 45 ko 50 maimakon 40. Ana iya neman kariya mai daraja H amma a tsayar da hauhawar zafinta a iyakar F, ratar ta zama ajiya. Ana kuma iya sayen wadda ta ɗan fi bukata girma, domin asarar kaya tana tafiya ne da ninkin kanta: na'urar da ke ɗauke da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, kashi 64 kacal na waccan asara take fitarwa. Akan kuma ɗaura mata fankoki a ƙasan naɗin, waɗanda ke iya ƙara mata ƙarfi har zuwa wajen kashi 40 cikin 100. Wannan ƙari na ɗan lokaci ne, na ranar da kaya ya yi yawa ko 'yar'uwarta ta lalace. Wanda ya gina lissafinsa na kullum a kan fanka ya jingina wutar gininsa ga ƙaramin moto mai shan ƙura.

A cikin naɗin ƙaramin ƙarfi akan binne ma'aunan zafi guda uku da ake kira PT100, a haɗa su da wata 'yar na'ura mai nuna lamba. Ga mai daraja F, an saba saita ta ta yi ƙara a wajen digiri 140, ta katse wuta a wajen 150. Sau da yawa akan ga an kafa taransifoma an bar waɗannan wayoyi a naɗe ba a haɗa su da makatsin wuta ba. Taransifoma mai mai takan yi gargaɗi da yoyo ko wari ko canjin launin mai. Marar mai ba ta da wata hanyar kuka sai wannan.

Ƙura da raɓa da 'yan ƙwari

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana sauke ƙura mai laushi kamar gari a kan komai. Ga na'urar da iska ce kaɗai ke sanyaya ta, wannan ƙura tana yin ɓarna iri biyu. Tana toshe ratar da iska ke bi, tana kuma kwanciya a jikin tulun. Muddin a bushe take, ɓarnarta ta tsaya ga ƙarin zafi. Amma da zarar damina ta faɗi, iska ta yi laima, sai ƙurar ta jiƙa ta zama hanyar da lantarki zai riƙa rarrafe a bayan ƙaron. Yana rarrafen yana ƙona wurin, yana barin baƙin zane kamar saiwar itace, zanen kuma gawayi ne, gawayi kuwa yana ɗaukar wuta. Haka abin zai yi ta ci har ya kai ga babban tartsatsi.

Yawan ɗaukewar wuta yana ƙara tsananta wannan. Taransifomar da ke aiki tana da ɗumi, raɓa ba ta zama a kanta. Wadda ta kwana uku a kashe cikin watan Agusta kuwa ta yi sanyi ta sha laima, sa'an nan a maido mata da bolt 11,000 ko 33,000 farat ɗaya. Shi ya sa ake sa 'yan na'urorin ɗumama ɗaki a ƙarƙashinta, kuma in ta daɗe a kashe a auna ƙarfin kariyarta da na'urar da masu aikin wuta ke kira mega kafin a kunna.

Sharar ba ta da wuya. A kashe wuta ta ɓangarorin biyu, a kulle makatsin, a haɗa wayoyin da ƙasa, sa'an nan a zuƙe ƙurar da inji, a bi da busasshiyar iska marar ƙarfi da busasshen ƙyalle, a ɗaɗɗaure kusoshin mahaɗa. Littattafan masana'antu sukan ce sau ɗaya a shekara. A ƙasar Katagum lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, kafin ruwan farko, kuma sau biyu ya fi sau ɗaya. Ban da ƙura akwai ɓera da ƙadangare masu son ɗumi, akwai kuma zanzaro, wanda ba abin da ya fi so irin lungu mai inuwa da zai gina ɗakinsa na laka. Raga mai ƙananan idanu a kowace taga ita ce maganinsu, sai dai a tuna raga tana rage iska, saboda haka a faɗaɗa tagar.

Akwai kuskure guda mai kisa wanda ya wajaba a faɗa wa duk mai gadi da mai shara. Ganin tulun sumul kamar roba yakan sa mutum ya ɗauka ana iya taɓa shi. Ba a taɓawa. Bayan ƙaron yana ɗauke da ƙarfin lantarki mai hallakarwa muddin na'urar tana kunne. Wadda aka sayo tsirara, mai alamar IP00, sai a ɗaki mai kulle ko bayan shingen ƙarfe. In za ta zauna inda mutane ke wucewa, sai a saye ta da akwatinta, IP21 ko IP23 ko IP31, tare da sanin cewa akwati ma yana riƙe zafi.

Ruwa kuwa abokin gabarta ne na ƙarshe. Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau tana cikin kwarin kogin Jama'are, kuma a shekarun 2022 da 2024 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a arewacin Jihar Bauchi. Ɗakin taransifoma a irin wannan ƙasa a kan dandamali mai tudu ake gina shi, ba a ramin ƙarƙashin bene ba kamar yadda zanen gine-ginen Turai ya saba nunawa.

Sauran lambobin da ke jikin faranti

Taransifoma ta KVA 500 tana iya ba da amfiya kusan 696 a ɓangaren bolt 415, alhali amfiya 26 kawai take ja daga layin 11,000. Alamar Dyn11 tana nuna yadda aka ƙulla naɗin, kuma ita ce aka saba da ita a Nijeriya, domin tana ba da waya ta huɗu wadda fitilu da soket ke bukata. Akwai kuma lambar turjiya, wadda a wannan nau'i yawanci kashi 6 cikin 100 ce, a ƙananan masu mai kuwa 4. Ita ce ke iyakance ambaliyar wutar da za ta kwararo in gajeren haɗi ya auku: a kashi 6, wajen amfiya 11,600, a kashi 4, fiye da 17,000. Da wannan ake zaɓen makatsin wuta. Ba a kuma haɗa taransifoma biyu su yi aiki kafaɗa da kafaɗa sai waɗannan lambobi sun dace, in ba haka ba ɗaya za ta ɗauki kayan ɗaya.

A jikin kowane tulu akwai 'yan sandunan ƙarfe da ake matsarwa domin daidaita ƙarfi, mataki biyu sama mataki biyu ƙasa, kowane mataki kashi 2.5 cikin 100. Garin da ke ƙarshen dogon layi, inda wuta kan iso a raunane, yana bukatar wannan. A kashe ake matsar da su, kuma dole ukun su zama a mataki ɗaya.

Tsawa ma abin lura ce, domin layukan karkara a sama suke bisa turaku, suna ratsa fili. An gwada naɗin 11,000 ya jure bugun tsawa na bolt 60,000 ko 75,000, na 33,000 kuma 145,000 ko 170,000. Ga layin sama babbar lambar ake nema. Mai yakan rufe gurbin ƙaramin tartsatsi ya koma yadda yake, ƙaro kuwa in ya huje ya huje ke nan. Saboda haka makarin tsawa a daidai bakin na'urar, da kyakkyawar wayar ƙasa, ba ado ba ne. Wuraren da ke da tarin kwamfutoci da na'urorin asibiti da injinan juya wutar hasken rana, irin wanda aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, suna da wata bukata ta daban, domin waɗannan kaya suna gurɓata tsarin igiyar lantarki, wanda ke ƙara wa naɗi zafi fiye da abin da mita ke nunawa. Wannan ma a takardar oda ake faɗa.

Lissafin kuɗi

Marar mai ta fi mai mai tsada a saye, ta fi ta ƙugi, ta kuma fi ta shan wuta. A ƙarƙashin waccan doka ta Turai, mai mai ta KVA 630 an yarda mata asarar wat 540 ne kawai in babu kaya, da 4,600 a cikakken kaya. Bambancin asarar zaman banza kaɗai wat 450 ne. In ana samun wuta sa'a 20 a rana, ya kama yunit 3,285 a shekara. Da farashin naira 225 da hukumar NERC ta sa wa rukunin A a Afrilun 2024, kusan naira 740,000 ke nan. Wanda mitarsa take kafin taransifoma, shi ke biyan wannan.

A ɗaya ɓangaren, babu ramin tare mai, babu katangar gobara, babu gwajin mai ko tace shi. Ana iya kafa ta a tsakiyar gini kusa da inda ake shan wutar, wanda ke rage tsawon manyan wayoyin ƙaramin ƙarfi, su kuwa jan ƙarfe ne mai tsada. Ɓarayin da ke tsiyaye man taransifoma su bar ta ta ƙone ba su da abin tsiyayewa, alminiyam da ke binne cikin ƙaro kuma ba ya da daraja a wurin 'yan gwangwan.

Babban abin da ya kamata ma'aji da injiniyan hukuma su auna shi ne ranar lalacewa. Taransifoma mai mai in ta ƙone, akwai masu sake naɗa ta a Kano da Kaduna, cikin 'yan makonni ta dawo. Tulun ƙaro ba ya kwancuwa balle a sake naɗa shi. Sai an yi odar sabo daga masana'antar da ta yi shi, a jira jirgin ruwa da fiton kwastan, ginin kuma yana kan janareta da dizal duk tsawon lokacin. Asibitin da ya zaɓi wannan nau'i ya fi samun kwanciyar hankali da matsakaita guda biyu a kan babba guda ɗaya. Ga turakun unguwa, da injin ban-ruwa a fadama, da injin casa mai watsa ƙaiƙayi, mai mai ce ta dace har yanzu, in kuma ana tsoron gobara akwai man tsirrai na musamman wanda ba ya kamawa sai ya haura digiri 300.

A ayyukan gwamnati an saba kawo kayan wuta tun gini bai kai linta ba, a ajiye su a fili. Taransifoma mai tanki takan jure wannan. Mai ƙaro kuwa hasken rana yana cin fatarta, ruwa yana shiga naɗin ƙaramin ƙarfi, girgizar mota a hanya marar kyau kuma tana iya barin tsaga siririya da ido ba ya gani da sauri. Ranar da aka sauke ta ake duba tulun ukun da fitila ɗaya bayan ɗaya, a gwada lambar jikinta da ta takardar gwaji, a shigar da ita ɗaki mai rufi, kuma ba a ɗora mata wuta sai jami'an NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa duba irin waɗannan ayyuka tun 2015, sun zo sun gwada sun ba da takarda.